Taƙi Ɗaya Daga Gidan Barmo

Litinin, 9 ga Maris 1998, ƙarfe huɗu na yamma

Yau muka kai gwangwanayen fim ɗin Tianhe, wata unguwa a nan ƙasar Sin. Guda biyar ne, kowanne faɗin faranti, tsatsa ta ci bakinsu. Abokin cinikina Abdulmumini ya rungumo su tun daga Maraɗi kamar mai ɗauke da jariri, ko a tasi bai yarda an sa su a but ba. Fim ɗin kawunsa ne, Malam Kallamu, wanda ya ɗauka a shekarar fari, 1974. Sunan fim ɗin Gidan Barmo.

Duk wanda ya yi samartaka a Kano ya san fim ɗin, amma ba da wannan suna ba. Mu Mai Zane Ɗaya muke ce masa. Kaset ne da ake miƙo maka ta ƙarƙashin tebur, an kwafa an sake kwafa har ya koma duhu kamar cikin rijiya. Wata mata na rawa a gidan giya, a fizge mata mayafi, sai wuƙa, sai jini. Fuska ba a gani, magana ba a ji. Ni kaina na sayar da shi ya fi a ƙirga a shagona na Ƙofar Wambai, Allah ya yafe mini.

Shawarar tawa ce: a wanke shi, a gyara, a buga a faifan VCD, ya sauka Kano kafin Babbar Sallah. Shi Abdulmumini burinsa a wanke sunan kawunsa kafin tsohon ya cika. Ni kuwa ba zan yi wa takarda ƙarya ba, kasuwa na hango.

Mai gyaran wani dattijo ne, Lawban Fan, a hawa na shida bayan kasuwar kayan wuta. Da ya buɗe gwangwani na farko wani warin tsami ya buge mu. Ya ce da mun ƙara shekara biyu, sai dai mu zuba a bola. Ya tambayi sunana, na ce Shitu. Ya yi ta dariya har da tari, wai da yarensu dutse ke nan.

Alhamis, 12 ga Maris, da azahar

Garin nan ya jiƙe. Bango na gumi, ƙasa na gumi, rigar da na shanya tun Litinin kamar yanzu na matse ta.

Lawban Fan yana sa safar hannu fara, yana bin fim ɗin hoto bayan hoto da ƙyalle, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Yau ya nuna mana gwangwani na farko a talabijin ɗinsa. Na zauna ina jiran rawa. Babu rawa. Hanya ce doguwa, matattun shanu a gefe, mata da ƙullin kaya a ka suna tafiya. Na ce wa Abdulmumini, “Anya ba wani fim ɗin ka ɗauko mana ba?” Ya ce, “Walaa! Mi na hwaɗa maka? Ku Kanawa wutsiyar kuka gani, ba ku ga raƙumin ba.”

Juma'a, 13 ga Maris, bayan masallaci

Na buga waya gida daga wani shago a unguwar Xiaobei. Ƙanwata Surayya ce ta ɗauka. Ina jin muryar Hajiya a bayanta: “Ki tambayi wancan ko yana samun abincin kirki.” Shekarata ashirin da tara ina amsa wancan. Ɗan fari ke nan, ba a kama sunanka, ba a haɗa ido da kai, ko faɗa za a yi maka sai a yi wa bango kana tsaye. Na saba.

Ba mu gaisa da Hajiya ba. An yi rasuwa a layinmu, an aiko ta zo ta yi wankan gawa. Kusan shekara ashirin ke nan duk macen da ta rasu a unguwarmu ita ake kira.

Asabar, 14 ga Maris, ƙarfe sha ɗaya na safe

Gwangwani na biyu. Matar fim ɗin ta shigo. Lawban Fan ya murɗa wani abu, haske ya ƙaru, ya sake murɗawa.

Wushirya. Ai mata masu wushirya ba sa ƙirguwa.

Ta ɗaga hannun hagu za ta gyara ɗankwali. Akwai tabon ƙuna a wuyan hannun, dogo, mai lanƙwasa a ƙarshe.

Na ce zan sha iska. Na sauko hawa shida da ƙafa, na tsaya a bakin titi, wani mai keke ya kusa banke ni.

Lahadi, 15 ga Maris

Ban fita ba.

Litinin, 16 ga Maris, da hantsi

Kaskon tuya ne ya yi tabon nan. Ina wurin, ni na jawo wa Hajiya zane ta juya.

Ina shekara biyar, bayan rasuwar Baba, aka bar ni wurin Inna, kakata, aka ce Hajiya ta tafi wurin 'yan'uwa a Maraɗi. Wata huɗu. Na tuna ranar dawowa, domin ranar muka ci tuwo sau biyu. Sai yau, ina kwance a ɗakin haya a ƙasar Sin, na tambayi kaina: su wa muke da su a Maraɗi? Ba mu da kowa.

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Shekara ashirin da huɗu duhu na rufa wa baiwar Allah asiri, ni na ɗauko abin na tsallako teku da shi, na nemo mai kunna masa fitila. Duk matar da ta taɓa riƙe buta a ɗakin gawa a unguwarmu ta san wannan hannun. Rana ɗaya ta isa.

Talata, 17 ga Maris, ƙarfe biyu

Mun ci taliya a shagon Musulmin nan na kan kwana. Abdulmumini ya baje hotuna uku a tebur, na bangon faifai. Ya ɗora yatsa a kan na tsakiya, fuskar ce ta cika shi.

Na ce, “A sa Barmo da wuƙa. Shi ke jawo mai saye.”

Ya ce, “Haba patron, kai da kanka ka ce mace ka saida hwaihwai.”

Na ce na canza ra'ayi. Ya dube ni, ya ce ko zazzaɓi nake yi, idona ya faɗa. Na ce damshin garin ne.

Na tambaye shi, kamar da wasa, ko an san wace ce matar. Ya ce ko kawunsa bai riƙe sunanta ba, a rubutun ƙarshen fim ma 'Yar Kano kawai aka sa. Wai a tasha ya gan ta tana neman aikin daka. Na ci gaba da cin taliyar, ban ji ɗanɗanon komai ba.

An ba mu rana a kamfanin buga faifai, Asabar ta sama, 28 ga wata. In ta wuce, sai bayan Sallah.

Alhamis, 19 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Yau na kalle shi tun daga farko har ƙarshe, hoto kawai, sautin bai gama gyaruwa ba. Abdulmumini na gefe yana faɗa mini abin da ake cewa daga takardar kawunsa.

Wata mata ce, Hindu, yunwa ta koro ta da ɗanta Isufu. Barmo mai gidan giya a bakin iyaka yana ɗauke 'ya'yan 'yan gudun yunwa yana sayarwa. Ya ɗauke Isufu. Ta bi sawu, ta shiga gidan a matsayin mai rawa don ta gano inda ake ɓoye su. Rawar nan da muka yi shekaru muna leƙe a ɗakunan samari, na duba agogo, minti huɗu ce. Masu kwafa ne suka yanke ta, suka maimaita ta sau uku, suka zubar da sauran. Kuma da aka yi haske sai na ga ba rawa take ba. Ƙafa na rawa, ido na ƙirga ƙofofi.

Lawban Fan ya ce ya yi shekara talatin yana gyaran finafinai, ya san mai wasa, ya san wanda ba wasa yake ba. Ya nuna ta da sigarinsa ya ce wannan ba wasa take ba, wannan akwai abin da ta bari a wani wuri.

Wallahi haushi nake ji. Da fim ɗin banza ne da na samu sauƙi, in ce a jefa a kogi kowa ya huta. Ga shi ba na banza ba ne. Malam Kallamu ya yi abin kirki, an kwana uku ana nunawa aka hana, ya tsufa ana nuna shi da baki a Maraɗi. Amma wa zai tsaya ya yi wa 'yan Ƙofar Wambai wannan bayanin? Na san su, ni ne su. Minti huɗun za su nema.

Juma'a, 20 ga Maris, da la'asar

Lawban Fan ya shiga ciki dafa shayi. Gwangwani na biyu yana hannuna, taga a buɗe, ƙasa akwai kwata cike da ruwa.

Na ajiye. Ko na jefa, ya riga ya kwashe komai a babban kaset. Kuma amana ce.

Lahadi, 22 ga Maris

Bango na gumi. Na yi ta juya yadda zan faɗa wa Abdulmumini, duk hanyar da na bi sai ta biyo ta bakin da ba zan iya buɗewa ba. Mutum ya dubi abokin cinikinsa ya ce masa me?

Litinin, 23 ga Maris, ƙarfe uku

Sauti ya fito. Lawban Fan ya kira mu yana murna, amma ya ce akwai kuskure ɗaya a gwangwani na biyar.

Wurin da ta balle ƙofar rumbu ne, bayan ta soke Barmo. Yara na ciki a duhu. A takarda an rubuta za ta yi kira, Isufu. Tun farkon fim Isufu take cewa. Lawban Fan ya ce a nan abin da ke takarda daban, abin da ke fita daga bakinta daban. Ya cire shuuu ɗin da ya rufe muryar, ya kunna.

Ta tsaya a bakin ƙofa. Ta ja numfashi. Ta ƙwala kira.

Ba Isufu ta ce ba.

Lawban Fan ya mayar baya, ya sake kunnawa. Ya sake. Sai ya fashe da dariya, ya dafa kafaɗata ya ce, “Dutse! Ai kai take kira! Shi-tu! Shi-tu!” Shi a wurinsa abin dariya ne, sunaye sun yi karo.

Ban taɓa ji ba. Tunda aka haife ni ban taɓa jin yadda yake fita daga wannan bakin ba. Ashe tana jan wasalin ƙarshe.

Ban juya ba, amma na san Abdulmumini ya daina kallon talabijin. Na ji idonsa a gefen fuskata, a kan bakina, inda tawa wushiryar take. Ya ɗauki hularsa ya ce yana da kaya a kasuwar Shahe.

Lawban Fan ya ce gyaran ba wuya, zai ɗauko Isufu daga wani wurin ya liƙa. Na ce ya dakata. Na ce ya ƙara kunna mini sau ɗaya. Ya kunna sau shida, daga na huɗu ya daina dariya.

Talata, 24 ga Maris, da azahar

Abdulmumini bai zo ba. Na je masaukinsa, matar da ke kan tebur ta ce meyo, ba ya nan.

A shagon taliya Babayo mai aika mana kaya gida da wasu 'yan Yamai biyu suna dariya, da na shigo suka yi shiru. Wataƙila zancen ƙwallo suke. Wataƙila.

Fim ɗin nasu ne. In ya ce sai an buga yadda yake, ba ni da ta cewa.

Laraba, 25 ga Maris, ƙarfe uku na yamma

A Kano takwas na safe. Na ce wa Surayya ta ba Hajiya, ita kuma ta fita tsakar gida. Ta ce, “Yaya, lafiya?” Na ce ta yi abin da na ce.

Na gaishe ta, ta amsa a gajarce kamar kullum. Na ce, “Hajiya, na haɗu da ɗan'uwan wani Malam Kallamu na Maraɗi.”

Ina jin zakaran maƙwabta ta cikin waya, ina kallon mai shagon yana kallon agogo.

Ta ce, “Yana da rai?”

Na ce yana nan, ya tsufa.

Ta ce, “Mutumin kirki ne. Bai taɓa ɗaga ido ya dube ni ba in ba ta cikin na'urarsa ba. Buhun gero biyu ya ba ni, ya sa ni a mota.” Sai ta ƙara da cewa, “Shi aka ci har kaka.”

Na ce, “Hajiya, an gyara shi. Ana ganin komai.”

Na ɗauka za ta yi kuka, ko ta yi faɗa, ko ta ce in rufa mata asiri. Da ta roƙe ni da na fi jin daɗi. Cewa ta yi, “Allah ya ga abin da ya kai ni. Mutane ne ba su gani ba.” Sannan ta ce, “Ana dai cin abincin kirki ko?” Ta ajiye.

Na fito na zauna a kan dakalin wani mai gyaran takalmi na yi kuka kamar ƙaramin yaro. Bai kore ni ba.

Alhamis, 26 ga Maris, ƙarfe goma na safe

Ya zo. Ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba, yana duban takalminsa.

Ya ce, “Shitu, kwana biyu ina yawo cikin Shahe, ban sayi ko hula ba.” Na ce ya shigo. Ya zauna a bakin gado. Ya ce, “Kawu shekara ashirin da huɗu yana jiran a ce mishi ya yi aiki. Na yi mishi alkawali da hannuna cikin nashi.”

Na ce na sani.

Ya daɗe yana murza hularsa. Ya ce, “Mu ma a garinmu uwa ba ta kama sunan ɗan hwari.” Iyakar abin da ya faɗa ke nan a kan zancen, kuma na san ba zai ƙara ba har mu mutu.

Daga nan ya koma maganar aiki, kamar muna zancen atamfa. A bar labarin cikakke, hanya da shanu da rumbu, don a san abin da kawu ya nufa. Amma duk inda na'ura ta matso kusa da ita a mayar da duhun. A datse hoton daga gwiwar hannu. Barmo da wuƙa a bango. A liƙa Isufu. Babban kaset mai haske a goge shi a gabanmu, kada ko kwafi ɗaya ya fita, domin ni na fi kowa sanin yadda kaset ke haihuwa.

Na ce, “To kawu fa? Abin da ya fi kyau a fim ɗin shi za mu kashe.”

Ya ce, “Dakor, hakanan ne. Zan ce mishi tsatsa ta ci.”

Zai yi wa tsoho ƙarya a kan gadon mutuwa saboda ni. Kunya ta hana ni ko kallonsa.

Juma'a, 27 ga Maris, bayan masallaci

Lawban Fan ya yi faɗa da yarensu har jijiyar wuyansa ta tashi. Da ya huce ya ce mun kawo masa mara lafiya, ya yi sati uku yana jinya, ya warke, yanzu mun ce ya mayar masa da cutarsa. Ya ce fuskar nan ita ce fim ɗin. Gaskiya ya faɗa. Duk wanda zai sayi faifan nan a Kano zai ga fim mai ɗan dama-dama, ba zai taɓa sanin abin da muka gani a ɗakin nan mu uku ba, kuma ni na jawo.

Ya dube ni, ya dubi talabijin inda hoton ya tsaya. Ya sake dubana. Ya kashe sigarinsa, ya ja kujera ya zauna.

Na tsaya a bayansa yana murɗa abin nan baya. Tabon ne ya fara tafiya, sai wushiryar, sai idon.

Asabar, 28 ga Maris, ƙarfe huɗu na yamma

An kai masta, wato babban kaset ɗin da aka mayar wa duhu, kamfani da safe. An goge mai hasken, ina kallo.

Da muka koma ɗaukar gwangwanaye, Abdulmumini ya buɗe na biyar ya ce wa Lawban Fan ya yanke wurin daga jikin fim ɗin kansa, kada wani ya sake tono shi bayanmu. Ya auna, ya sa almakashi, ya haɗe bakin. Abin da ya fita bai fi taƙi ɗaya ba. Abdulmumini ya juya yana ɗaure kaya, Lawban Fan ya miƙo mini da hannu biyu, yadda suke miƙa abu mai daraja.

Ya kai ni bakin taga ya nuna mini. A gefen fim ɗin akwai wani siririn layi mai zigizaga, ya ce muryar ke nan, haka ake rubuta ta. Ba ni da na'urar da za ta karanta, kuma ba zan nema ba. Ya ce a irin wannan fim murya ba ta zama daidai da hotonta, tana gaba da shi da kamar daƙiƙa ɗaya, don haka kada in yi mamaki.

Na ɗaga shi a haske. Hotuna ashirin da 'yan kai, ƙanana kamar farce. A cikin kowanne tana tsaye a bakin ƙofar rumbu, bakinta a rufe, yadda na san ta duk rayuwata. Sunana kuma yana gudu a gefe, daga sama har ƙasa.

Na naɗe shi a takarda na sa a aljihun gaba. Jirgi ranar Talata. In na isa za ta ce wa Surayya, “Ki ce wa wancan ga ruwan wanka can.” Zan ce to.